Ranar da Na Faɗi Sunan Abba

Cikina ya tsufa sosai lokacin da aka bugo waya daga Kano aka ce Allah ya yi wa mahaifin maigidana rasuwa. Muna zaune a unguwar Pantai Dalam a ƙasar Malesiya, can saman wani dogon bene mai kallon layin dogo. Shi yana karatun digiri na uku a jami'ar da ke kusa, ni kuma na biyo shi da bizar matar ɗalibi. Likita ta ce kada in kuskura in hau jirgi da wannan ciki. Yana zuge jaka yana ce mini, "Da an yi addu'ar bakwai zan juyo, Rukayya. Kafin ki haihu ina nan in sha Allahu." Na ce Allah ya tsare hanya, na danne hawayena sai da lifta ta rufe.

Bai juyo ba. Bizarsa ta ƙare yana can, sabuntawar ta maƙale a wani ofis da ba mu ma san inda yake ba. Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne tawa bizar a jikin tasa take rataye. Ranar da tasa ta mutu, tawa ma ta mutu. In na ja ciki na je ofishin ɗalibai baƙi na jami'a, sai wata yarinya mai fara'a ta ce, "Ana kan aiki, madam, ki jira kawai." Fara'arta kuwa ba ta taɓa rage mini komai ba.

Ni da a Kano ko ɗan sanda ne ya tsayar da adaidaitar da nake ciki sai na tanka masa, sai ga ni na koma kamar ɓera. In lifta ta tsaya a hawanmu, gabana ya faɗi. In na hango mai kaki, ko da mai gadin kasuwa ne, sai in tsallaka titi. Matanmu 'yan Arewa da muke haɗuwa a surau, ɗan masallacin da ke ƙasan bene, sun sha ba da labarin waɗanda aka kwashe aka kai sansanin tsare baƙi, har da masu ciki. Babu abin da nake tsoro irin in haihu a can, a kan siminti, a hannun mutanen da ba su san ko ni wace ce ba.

Wata rana da azahar na ji hayaniya a ƙasa, na leƙa ta taga. Motocin jami'an shige da fice sun tare bakin layin kedai, shagunan abincin da ke gindin benenmu. An zaunar da maza a ƙasa layi-layi, kowa hannu a ka. Ban gama salati ba aka fara buga ƙofata, ba da ƙarfi ba, amma ba ƙaƙƙautawa. Wallahi sai da na ji yaron ya dunƙule a cikina. Na lallaɓa na leƙa ta ɗan ramin ƙofa, sai na ga matar ɗakin da ke kallon namu, wata siririya da nake gaisarwa a lifta ina zaton 'yar Sin ce. Hannunta duk kumfar sabulu har gwiwa, ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Tolong, adik," ta ce ƙasa-ƙasa. Ki taimaka, ƙanwata.

Na buɗe, ta faɗo ciki, muka ja labule muka zube a ƙasan kicin. Da gurguwar Malay da guntun Turanci muke magana, da su muka yi ta magana har ƙarshen zamanmu. Ta ce, "Ki yi haƙuri. Gidan matar ɗalibi ba sa shiga, ku kuna da takarda."

Na ce, "Baiwar Allah, kin yi ɓatan ƙofa. Ni ma bizata ta mutu."

Ta dube ni, ta dubi cikina. Sai kawai dariya ta kama mu, irin wadda ake toshe baki ana hawaye. Muna nan zaune har motocin suka tafi. Sunanta Lan. Ta girme ni nesa ba kusa ba, don haka na riƙa ce mata Kak Lan, kamar yadda 'yan ƙasar ke kiran yaya mace.

Wanke-wanke take yi a bayan wani shagon mamak, gidan abincin Indiyawa Musulmi. Daga ranar, in ta tashi aiki sai ta yo mini tapau, wato ƙunshin abinci, na gurasarsu roti a leda, ta zauna ta matsa mini ƙafafuwan da suka kumbura. Ni kuma da bakina da ba ya shiru na tambaye ta 'yar ina ce. Ta ce Kambodiya. Ta dubi ƙofa kamar wani zai ji, sannan ta ce, "A Kambodiya aka haife ni. Uwata ma, kakata ma. Amma mu jinin Biyetnam ne."

Na ce to mene ne abin raɗa a ciki? Mu a Kano ga Yarbawa ga Nufawa ga Barebari, an haife su a nan, kowa da takardarsa.

Ta girgiza kai. Ta ce su a kan ruwa suke zaune, a wani ƙaton tafki, gidajensu na katako suna yawo bisa gora da durom. A kan ruwa aka haife ta, a kan ruwa ta koyi tafiya. Lokacin yaƙi an kori iyayenta zuwa Biyetnam, 'yan takardun da suke da su suka salwanta a hanya. Da ƙura ta lafa suka dawo tafkin da suka sani, sai aka ce su baƙi ne. "In mun je ofis a Kambodiya su ce ku koma ƙasarku. In mun je Biyetnam su ce ai ku 'yan Kambodiya ne. Ba takardar haihuwa, ba makaranta, ba fili. Shi ya sa muke kan ruwa, adik. Ruwa ba ya tambayar takarda."

Na ce, "Ikon Allah! To ku nawa ne haka a ƙasar?"

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Sai dai ki ce wa aka tambaya. In zaɓe ya zo, mai neman ƙuri'a zai hau dandamali ya ce mun cika ƙasar, mun kusa cinye ta. In mun je neman takarda wa jariri, sai a ce mu 'yan ƙalilan ne, ba ma a nan. Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa ganin wanda ya shigo kwalekwale ya zo ƙirga mu ba."

Bayan ta tafi na ɗauki waya na duba, don na zaci ƙari take yi. Wannan shafi ya kawo adadi ɗan kaɗan, wancan ya ninka shi ya sake ninkawa, kowa kuma yana rantsuwa da nasa. Na ajiye wayar. A ce mutane suna haihuwa suna mutuwa, amma ba a ma yarda ko su nawa ne ba!

Yadda ta zo Malesiya ma wani abin takaicin ne. Wani dillalin 'yan aiki ne ya ba ta fasfon wata yarinya Bakambodiya mai suna Sophea, ya kawo ta aikatau. Shekara da shekaru tana amsa sunan wata, uwar ɗakinta ta kulle fasfon a sif, ga duka ga yunwa. Da ta gudu, ta bar musu fasfon da Sophea ɗin gaba ɗaya. Ta ce, "In ke aka kama, aƙalla an san jirgin da za a sa ki. Ni in aka kama ni, ina za a kai ni?"

Naƙuda ta zo mini maigida yana Kano yana ta zarya da waya. Maman Khalil, matar wani malamin jami'a ɗan Zariya, ita ta kai ni asibiti. Haihuwar ta gagara sai da aka yi mini aiki, aka ciro namiji. Da za a sallame mu suka ba ni takardar shaidar asibiti, suka ce ba ita ce takardar haihuwa ba. Sai na je ofishin rajista na gwamnati da fasfona kafin wa'adi ya wuce, in ya wuce abin ya koma doguwar magana. Na karɓa na cusa a ƙasan jaka, don ko kallonta ba na son yi.

A zaman jegon nan na san kewar gida. Ba Hajiyata, ba kunun kanwa, ba ganyen darbejiya, ba masu shigowa barka suna cika ɗaki da surutu. Ina zaune ina kuka yaro yana kuka, sai ga Kak Lan da sabuwar tukunya fil, da takardar kanti a manne a gindinta. Ta nuna mini ta ce, "Sabuwa ce, ba ta taɓa ganin alade ba." Ta dafa mini romon kifi da citta da ɗanyen gwanda, wai yana kawo nono. Ta tafasa ruwa da ganyen lemun tsami da wata ciyawa mai ƙamshi, ta gasa mini jiki tana kauce wa ɗinkin. Ta ce su a kan tafki garwashi ake sa wa mai jego a ƙarƙashin gado. Na ce, "Kai, Kak Lan, ashe ku ma Hausawa ne!" Ruwan ya yi zafi na yi ƙara, ta daka mini tsawa kamar gwaggona.

Ranar suna aka yanka rago a Kano, a nan kuma mazan suka yi addu'a a surau. Aka mayar wa yaro sunan kakansa marigayi. To ga shi ɗan fari, ga shi sunan surukina. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle na uban miji. Hajiyata har yau ba ta taɓa faɗin sunan yayanmu ba, ko a asibiti sai dai wani ya faɗa. Muka sa masa Abba, da shi kowa ke kiransa. Kak Lan ta ji ainihin sunan a bakin mijin Maman Khalil, ta yi ta maimaita shi har ta iya. Da ta lura ni ba na faɗa, ta tambaye ni dalili. Na yi mata bayanin kunya iyakar Malay ɗina. Ta ce, "Ku kuna da suna kuna ɓoyewa." Na ce ita ba za ta gane ba, ta ce lallai kam.

Kwanaki suna tafiya, wa'adi yana matsowa, maigida kuma ba ranar dawowa. Ya ce mini a waya, "In kin ga da hali ki je, don ba za a yi masa fasfo ba sai da ita. In kuma kin ga hatsari ki bari." Wato dai ya miƙo mini ƙwallon. Maman Khalil kuwa da ta ji, sai ta dafe ƙirji.

"Ke Maman Abba, kina da hankali kuwa? Ki ɗauki matacciyar biza ki kai kanki ofishin gwamnati da ƙafarki? Su riƙe ki su riƙe jinjiri? Ga shi ko arba'in ba ki yi ba! Ki zauna a ɗaki, ki bari abubuwa su lafa."

Maganarta ta yi mini daɗi, don ita nake son ji. Da yamma na faɗa wa Kak Lan na fasa, sai abubuwa sun lafa. Tana ninke kayan jariri, ba ta ɗago ba ta ce, "Uwata ma haka ta ce ranar da aka haife ni." Ta ja ɗankwalinta baya ta nuna mini furfura. "Har yau ba su lafa ba."

Raina ya ɓaci, don ta taɓa inda yake mini ciwo. Na ce, "Faɗa da baki ai sauƙi gare shi. Ni ko jaka ba na iya ɗauka saboda ɗinki. Ke za ki raka ni?" Na faɗa ne don in rufe mata baki, na san ko hanyar ofishin 'yan sanda ba ta bi. Ta gama ninki, ta fita ba sallama.

Washegari da safe na buɗe ƙofa, sai ga ta tsaye cikin doguwar rigar Malay ta aro da ɗan mayafi, fuskarta fari fat kamar marar lafiya. Ta ce, "Ni zan riƙe jaka. Ba zan yi magana ba, ko kalma ɗaya. In an tambaya, ki ce mai taya ki aiki ce kurma."

Muka kira tasi. A hanya muka tarar 'yan sanda sun tare titi suna tsayar da masu babur. Direba ya rage gudu, wani ɗan sanda ya sunkuyo ya leƙo, ya ga jariri, ya ɗaga hannu muka wuce. Sai a lokacin na ji zafi a cinyata, ashe Kak Lan ce ta damƙe ni da farce. Ni ma duk addu'ar da na sani na karanto ta, wata ma na haɗa ta da wata.

Ofishin sanyi ƙalau, kujeru a jere, ko'ina masu kaki. Muka ja lamba aka ba ni fom. Na rubuta sunana, na rubuta na maigida, na zo gurbin sunan yaro. Biro yana hannuna, sai na ga fuskar surukina marigayi Alhaji a kan tabarmarsa, na ji kamar Hajiyata tana tsaye a kaina. Hannuna ya ƙi. Na ce a raina ai Abba ma suna ne, mutane nawa ke amsa shi har a takardun makaranta? Na rubuta Abba, na ninke fom ɗin da sauri.

Aka kira lambarmu. Jami'ar wata dattijuwa ce 'yar Malay mai tabarau. Ta karɓi takardar asibiti, ta karɓi ta aure, ta buɗe fasfona tana juya shafi har ta zo kan biza. Ta tsaya. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Wannan ta ƙare."

Na fara bayani harshena na sarƙewa, rasuwa, jami'a, ana kan aiki. Ta tashi da fasfon ta shiga wani ɗaki ta rufo ƙofa. Shi ke nan, na ce, ta faru. Nono ya zubo ya jiƙa mini riga. Na juya na raɗa wa Kak Lan, "Kak, ajiye jakar ki fita. Ki tafi tun ba su fito ba." Ƙofar fita tana nan a buɗe, ba mai tsare ta. Ta dubi ƙofar. Sai ta ƙara rungume jakar, ta matso kusa da ni.

Jami'ar ta fito ita kaɗai. Ta ajiye fasfon ta ce, "Maganar biza ba ta teburina ba ce. Ki gaggauta ki gyara da masu ita. Ni yaro nake rubutawa." Wallahi saura kaɗan in durƙusa mata. Ta ja fom ɗin gabanta, ta ɗora yatsu a kan na'ura, ta karanta a fili, "Sunan yaro, Abba."

"Bukan."

Kak Lan ce. Kurmar tawa ce ta yi magana, da Malay, da ƙarfi har na kusa da mu suka waiwayo. Ba shi ba ne, in ji ta.

Jami'ar ta cire hannu daga na'ura. "Ke kuma wace ce?"

Na ce, "Yayata ce. Ita take yi mini wankan jego." Jami'ar ta dubi baƙar fatata, ta dubi farar fuskar Kak Lan, ta dubi hannuwanta da sabulu ya cinye. Ta daɗe tana kallonta. Tambaya ɗaya ta rage, ta ina takardunta, ni na san ta, Kak Lan ta san ta, ita ma jami'ar ta san ta. Ba ta yi ta ba. Ta mayar da ido kaina ta ce, "Uwar yaro, mene ne sunansa?"

Kak Lan ta sunkuyo kunnena. "Kada ki ba shi takarda da sunan da ba nasa ba, adik. Ni na ɗauki irinta. Ki faɗa."

Na dubi yaron yana barci a kafaɗata, bai san abin da ake ciki ba. Na ce a raina Alhaji ka yafe mini, Hajiya ki yafe mini. Na buɗe baki na ce, "Haruna." Muryata ta fito kamar ta wata. Jami'ar ta ce in sake, na sake, hawaye na bin fuskata. Ta soke abin da na rubuta, ta ba ni biro na gyara da hannuna, ta buga.

Daga baya maigida ya dawo, aka sha wahala aka gyara bizar, aka yi wa Abba fasfo, ya gama karatu muka tattaro muka dawo Kano. Kafin mu taso samame ya yi yawa a unguwar, Kak Lan ta bar shagon ta koma wajen wata unguwa Cheras, sannan layin wayarta ya daina shiga. Na yi cigiya har na gaji. Sunan nan kuma ban sake faɗarsa ba sai yau da nake rubuta wannan.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fitowarmu daga ofishin ran nan. Mun sami inuwa a bakin titi muna jiran tasi. Kak Lan ta ajiye jaka ta ce, "Boleh in riƙe?" Ko za ta iya riƙewa, take nufi. Na miƙa mata takardar haihuwar da aka ba ni. Ba ta karɓa ba sai da ta goge hannuwanta a jikin rigar aro, gaba da baya. Ta riƙe ta da hannu biyu. Ba ta iya karatu ba, sai na nuna mata layin da sunan yake, ta bi shi da yatsa a hankali ba tare da ta taɓa ba.

"Ashe haka take," ta ce.

Ta daɗe tana kallonta har mai tasi ya zo ya yi mana oda. Sannan ta miƙo mini, ta zaro wata tsohuwar ledar tapau daga aljihunta, ta kakkaɓe ta.

"Sa ta a nan, adik. Kada ruwa ya taɓa ta."